Wa zai biya idan rana ta dafa na'urar zinariya a cikin mota?

An san Gadarif da riɗi da dawa, tun shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a Gadambaliya, kuma har gobe kasuwar amfanin gonarta ce ke yanke farashin riɗi a gabashin Sudan. Amma wanda ya zauna a unguwannin Hausawan garin ya san akwai wata sana'a da ke tashi da zarar an gama kaka. Matasa sukan haɗa kuɗi, su ɗauki boksi, su loda jarkokin ruwa da fetur da buhun gari, su nufi filayen Butana ko su zarce arewa neman zinariya. A cikin duk kayan da ke motar, in ka cire ita motar kanta, babu abin da ya kai na'urar neman zinariya tsada, kuma babu abin da ake wulaƙantawa kamarta a lokacin hutu. Da rana ta take, sai a jefa ta gaban mota ko kan kujera, a ɗaga gilasai, a kulle ƙofa, a tafi neman inuwa. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a ɓarnar dukiyar jama'a ce, tana dawwama ne domin ba a ɗora wa kowa alhakinta ba, kuma maganinta shi ne a shigar da kula da na'ura cikin sharuɗɗan da ake ƙullawa kafin a bar gida, daidai da yadda ake ƙulla rabon abin da aka samo.

Sai mun tuna matsayin wannan na'ura kafin mu gane girman asarar. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, zinariya ce ta maye gurbinsa wajen kawo kuɗin waje. A 2012 aka buɗe matatar zinariya a Khartum, kuma ko a tsakiyar yaƙin da ya ɓarke a 2023 hukumomi sun ce an haƙo kimanin tan 64 a shekarar 2024. Mafi yawan wannan zinariya, wajen kashi 80 cikin ɗari bisa ƙiyasin da aka saba bayarwa, daga hannun ƙananan masu haƙa take fitowa, ba daga manyan kamfanoni ba. Abin da ya buɗe wa talaka wannan ƙofa shi ne na'urar da mutum ɗaya zai rataya ya yi ta shara da ita a kan ƙasa har ta yi kuka. Samfuran kamfanin Minelab na Ostareliya su suka yi suna: GPX 4500 da ta fito a 2008, GPX 5000 a 2010, GPZ 7000 a 2015, sai Gold Monster 1000 a 2017. Irin waɗannan na'urori ne suka bi sahara har Tibesti a Chadi, suka tayar da guguwar neman zinariya ta Jado a arewacin Nijar a 2014, inda 'yan Agadas da Damagaram da Kano suka yi gogayya da 'yan Sudan a fili guda. Manyan cikinsu dubban daloli ake saye, kuma a Gadarif ba kasafai mutum ɗaya ke iya fitar da wannan kuɗi ba. Akwai riɗin shekara guda a ciki, akwai sarƙar uwa da aka sayar, akwai bashin ɗan kasuwa da za a biya bayan an dawo. Na'urar da aka bari a rana, saboda haka, gumin gidaje da yawa ne aka bari.

Mutane da dama suna zaton zafin cikin mota daidai yake da na waje, sai dai rashin iska. Ba haka ba ne. Hasken rana yana ratsa gilashi, ya faɗa kan baƙar roba da kujeru, ya koma zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Wani bincike da masana na Jami'ar Stanford suka wallafa a 2005 ya gano cewa motar da aka rufe a rana takan ƙaru da kimanin digiri 22 a kan zafin waje cikin awa ɗaya, kuma kashi 80 cikin ɗari na wannan ƙari yana faruwa ne a rabin awar farko. Wani kuma da aka yi a jihar Arizona ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya auna motoci a ranakun da zafin waje ya kai wajen digiri 38: bayan awa ɗaya a rana, faffaɗar robar nan ta gaban direba, wadda ke ƙarƙashin gilashi, ta kai kusan digiri 69, kujeru kuma kusan 51. Motocin da aka ajiye a inuwa, robar gabansu ta tsaya a wajen 48. To, a Gadarif zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, kuma ba awa ɗaya ake barin motar ba. Daga kafin azahar ne har la'asar sakaliya, yau da gobe, wata da watanni. Iyakar zafin ajiya da ake rubuta wa sababbin samfura da dama na Minelab ita ce digiri 70. Wanda ya ɗora na'urarsa a gaban mota a bazarar Butana ya kai ta wannan iyaka tun kafin ya gama shan shayi.

Abu na farko da ke cin wuya shi ne batir. Waɗannan na'urori suna aiki ne da batirin litiyam, irin na wayar hannu amma ya fi girma, kuma abin da ke cikinsa sinadarai ne da zafi ke gaggauta lalacewarsu. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri goma yana kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Batirin da aka cika maƙil sannan aka bar shi a zafi ya fi saurin tsufa, kuma ƙarfin da ya rasa ba ya dawowa ko an sanyaya shi. Mafi muni shi ne abin da ake yawan yi don tattalin lokaci, wato a jona batir da wutar mota a bar shi yana caji a rufaffen ɗakin direba da tsakar rana. Masu ƙera batirin litiyam suna hana yin caji idan zafi ya wuce digiri 40 zuwa 45, domin a nan ne yake kumbura, wani lokaci ma ya kama da wuta. Sakamakon da mai aiki ke gani shi ne batirin da a da yake kai shi yini guda, yanzu kafin hantsi ya dubi ludayi ya mutu. A daji, inda kasuwa ke da nisan tafiyar sa'o'i, wannan na nufin ayari guda na zaune yana cin guzuri babu aiki.

Lalacewar batir a fili take, shi ya sa ba ita ta fi damuna ba. Wadda ta fi damuna ita ce wadda ba a gani. Faifan da ake shara da shi a ƙasa wayar tagulla ce da aka naɗe da awo, aka daskarar da ita cikin roba, kuma amincin na'urar ya dogara ne a kan kada wannan naɗi ya motsa ko kaɗan. Idan roba ta yi laushi da rana ta ƙanƙance da dare, sau ɗari, tana iya karkacewa. Igiyar da ta haɗa faifai da kan na'ura takan bushe ta tsattsage, ƙananan ɗaurin dalma na ciki sukan saki, kuma kayan nan da masu gyaran rediyo ke kira kondensa, masu ruwa-ruwa a ciki, rayuwarsu na gajarta da zafi. Na'urar da ta sha wannan wahala ba lallai ta mutu ba. Sai dai ta fara surutu, tana kuka inda babu komai, tana tsorata in faifai ya ɗan taɓa dutse. Me mai aiki zai yi? Zai rage mata ƙarfin ji don ta natsu. Da ya rage, ƙananan ƙwayoyi da waɗanda suka yi zurfi sun fita daga hannunsa, kuma ba zai taɓa sanin abin da ya taka ya wuce ba. Manomin Gadarif ya san irin riɗin da aka adana a wuri mai zafi: a ido lafiyarsa lau, sai an shuka damina ta yi nisa sannan gona ta nuna giɓi. Bambancin kawai shi ne manomi yana ganin giɓin, mai neman zinariya kuwa sai ya ce wurin ne ba shi da rabo, ya ƙona fetur ya ƙara gaba.

Za a ce mini ai a Ostareliya aka tsara na'urar, ƙasar da ita ma ta san zafin sahara, kuma yini guda take yi a rana a hannun mai aiki ba ta narke ba. Gaskiya ne an yi ta don fili, amma na'urar da ke hannu iska na kaɗa ta, tana motsi, zafinta bai cika nisa da na iskar da ke kewaye da ita ba. Wadda ke bayan gilashi kuwa tana cikin wani yanayi dabam, mai ƙarin digiri ashirin ko fiye. Masu ƙera ta sun san wannan bambanci, shi ya sa littattafan da ke zuwa da ita suke gargaɗi a kan barin ta cikin mota mai zafi. Hasali ma, kasancewar tana aiki a kusa da iyakar ƙarfinta tun safe hujja ce a kan a bar ta ta huce da rana, ba hujjar a ƙara mata ba ce. Wani zai ce shi yana ɗan sauke gilashi don iska ta shiga. Binciken Stanford ɗin nan ya gwada wannan, ya tarar ɗan buɗe gilashi bai rage zafin da wani abin kirki ba. Mai lulluɓe ta da bargo a kan kujera ya yi rabin daidai, domin ya tare mata hasken kai tsaye, amma bayan sa'o'i uku zafin ɗakin ya ratsa bargon.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsoron sata, kuma ba zan raina ta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar da kuma Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika da waɗanda suka rasa matsuguni, rayuwa ta yi tsada, hanyoyi sun cika da shingaye. Mutumin da ya tsaya a kasuwa don sayen guzuri ba zai so ya yi yawo da abin dubban daloli a kafaɗa ba, kuma mota mai makulli ita ce kariyar da yake da ita. Amma a duba da kyau: na'urar da aka shimfiɗa a kujera ko a gaban direba ita ce ɓarawo ke fara gani ta gilashi. Wurin da ya fi ɓoye ta, wato ƙasa a bayan kujera, cikin jakarta, an rufe da farin mayafi, shi ne kuma wurin da ya fi sauƙin zafi a ɗakin motar, domin zafi sama yake taruwa kuma rana ba ta kai can. Batir kuwa, wanda shi ne mafi rauni, ƙarami ne. Ana iya cire shi a sa a jakar hannu a tafi da shi. Sannan ayarin neman zinariya ba ya rasa mutum huɗu ko biyar. Idan za a iya barin mutum ɗaya ya tsare jarkokin fetur a bayan boksi, za a iya barin sa ya zauna da na'urar a inuwa, ƙofofi a buɗe. Tsaro da sanyi ba sa karo da juna sai in an yi kasala.

A sansani abin ya fi sauƙi. Rumfar da aka kafa don mutane tana da wurin na'ura, kuma can ya kamata ta yini, a ɗage daga ƙasa mai zafi. A lokacin tafiya kada a shimfiɗa ta kai tsaye a kan ƙarfen bayan mota, musamman ɓangaren da ke saman bututun hayaƙi, kuma kada a ɗaure ta da baƙin tamfol ya manne mata. A bar sarari iska ta wuce. Kular da ake sa ƙanƙara tana da amfani sosai ga batir da kan na'ura, amma ba tare da ƙanƙara ba, domin raɓar da za ta taru a ciki wata cutar ce. Dabarar da direbobin Sudan suka daɗe da sani ta naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhun algarara tana aiki a busasshiyar iskar bazara, kuma ana iya yi wa akwatin ajiya haka daga waje muddin ruwa ba zai shiga ba. Caji kuma a bar shi sai da dare ko da asuba, batir ya huce tukuna. In damina ta sauka aka koma gona, a ajiye batir da kusan rabin caji a ɗaki mai sanyi, a cire ƙananan batura na yau da kullum daga na'urorin da ke amfani da su don kada su zubar da ruwa a ciki. Duk wannan bai kai kuɗin jarkar fetur ɗaya ba.

To, in abin mai arha ne haka, me ya sa ba a yi? A ganina amsar tana cikin yadda ake ƙulla tafiyar. A wurare da yawa abin da aka samo kashi-kashi ake raba shi: na mai na'ura, na mai mota, na masu aiki. Sau da yawa mai na'ura yana gari, bai ga yadda ake yi da ita ba. Direba motarsa ce a ransa, tayoyi da ruwan inji. Mai riƙe na'ura kuma ya san in ta mutu ba shi zai saya ba, iyakarsa ya nemi wani ayari. Kowa na da rabo a amfaninta, babu mai rabo a lafiyarta, alhali in ta rage ji dukansu ne ke asara ba tare da sun sani ba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware irin wannan: wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Tambayar da ta rage ita ce mene ne sakaci a kan na'ura, kuma nan ne ake rigima in an dawo, domin ba a faɗa tun farko ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a faɗa. A gaban shaidun da ake ƙulla rabo, a ambaci sunan mutum ɗaya da na'ura ke wuyansa, a ce ba a barin ta a rufaffiyar mota a rana, ba a caji da tsakar rana, kuma direba ya yarda cewa neman inuwa na cikin aikinsa. A kuma yi gwaji kafin tashi: a ɗauki ɗan guntun zinariya ko wani ƙarfe sananne, a saita na'urar a wani mataki da aka rubuta, a auna nisan da take jin sa, a lura da sa'o'in da batir ke yi. In an dawo a maimaita a wuri guda. Gwajin ba zai faɗi komai da komai ba, amma ya fi rantse-rantse.

Na san abin da za a ce a nan, kuma shi ne ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi: wannan sharaɗi zai zama sanda a hannun mai kuɗi ya doki talaka. Duk na'urar da ta tsufa, sai mai ita ya ce yaron da ya riƙe ta ne ya dafa ta, ya cinye masa kasonsa. Haɗarin gaskiya ne. Amma a lura, zargin nan ana yin sa yau ma, kuma yaron ba shi da abin kare kansa. Sharaɗin da aka faɗa a gaban shaidu yana iyakance abin da za a tuhume shi da shi, gwajin farko kuma yana nuna in na'urar dama ta gaji tun kafin ta zo hannunsa. Kuma sharaɗi mai adalci yana da fuska biyu. Mai na'ura ne zai kawo jaka da kula da batir na biyu, in bai kawo ba ya sauke wa ma'aikaci alhaki. Wanda aka ɗora wa kula da ita kuma ya cancanci ɗan ƙari a kasonsa, domin an ƙara masa aiki. Tsufa na yau da kullum yana kan mai dukiya, kamar yadda yake a kowace haya.

Masu sayarwa ma suna da nasu. Shekaru da suka wuce jabun na'urori masu kama da na Minelab sun cika kasuwannin Afirka har suka girgiza kamfanin Codan da ya mallaki Minelab, kuma tun daga lokacin duk na'urar da ta ba da matsala sai a ce jabu ce. Wasu jabun ne, kuma su batirinsu ya fi haɗari a zafi tun da ba a san kariyar da aka sa masa ba. Amma wannan zargi ya zama mafaka da ke hana a dubi yadda ake riƙon ta gaskiyar. Na'urar da ta bi hannu uku kafin ta iso Gadarif ba ta zuwa da littafi, ko na Larabci ko na Turanci, kuma a halin da ake ciki garanti suna ne kawai, tun da mayar da ita ga wakilin kamfani ya fi ƙarfin yawancin masu saye. Ɗan kasuwar da ya karɓi miliyoyin fam bai kamata ya rasa minti biyar na yi wa mai saye bayani da Hausa ko Larabci ba. Kamfanin Albarkatun Ma'adinai na Sudan, wanda ke da wakilai a kasuwannin zinariya yana karɓar kason gwamnati, zai iya sa wannan cikin faɗakarwar da yake yi, ko da da takarda ɗaya ce a manne a bakin kasuwa.

Wanda ya ce wannan ƙaramar magana ce a ƙasar da ake yaƙi, ramuka na ruftawa da mutane, zaiba na shiga ruwan sha, ba zan yi musu da shi a kan girman waɗancan ba. Sai dai ɗakin motar da ke dafa na'ura shi ne ake ajiye kwalbar zaiba a cikinsa, kuma zaiba tana ƙara tashi ta zama tururi mai guba idan ta ji zafi, direba da yaransa su shaƙa in sun shiga. Batirin da ya kumbura yana tafiya ne taku biyu daga jarkokin fetur, a wurin da babu motar kashe gobara kuma asibiti na da nisa. Sharaɗin da ya fitar da na'ura daga rufaffiyar mota da tsakar rana, in aka rubuta shi da kyau, zai fitar da zaibar ita ma, ya raba batir da fetur, kuma shugabannin unguwa da limaman da ake ƙulla waɗannan tafiye-tafiye a gabansu suna iya fara tambayar sa tun daga ayarin da zai tashi bayan kakar bana.